Awon ciki kaɗai bai isa ba: sauran aikin na cikin kwandon cefane

Duk ranar Litinin da Juma'a, wanda ya ratsa babbar kasuwar Maraɗi zai tarar da wake tiya-tiya, da gyaɗa, da riɗi, da busasshen zogale, da ƙuli-ƙuli, da ƙwan zabi idan damina ta yi. Haka abin yake ranar Alhamis a Maigatari, da ranar Lahadi a Illela. Abin da ke ɗaure mana kai shi ne, da dama daga masu sayar da waɗannan kaya suna da mai juna biyu a gida, amma abincinta bai wuce tuwo da miyar kuka ba, sai ko furar da ba ta ga nono ba. Idan ta je awo ungozoma ta ce jininta ya yi ƙasa, sai maigida ya yi mamaki, tun da ai bai hana ta zuwa likita ba.

A shekarar 2006 gwamnatin Nijar ta ayyana awon ciki kyauta, a 2016 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ɗaga yawan zuwa awo daga sau 4 zuwa sau 8. To sai dai ciki yakan kai kwana 280. Ko mace ta cika takwas ɗin, sauran kwanakin sama da 270 a gida ko a kasuwa za ta yi su, kuma a nan ne ake tara jinin da za ta haihu da shi.

Maganar jini

Jinin mai ciki yakan ƙaru da kusan rabin abin da take da shi, domin tana ciyar da rai biyu. Shi ya sa ake ba ta ƙwayar ƙarin jini a wurin awo, a ce ta sha ɗaya kullum. Mata da yawa kan daina sha saboda tashin zuciya ko ganin bahayarsu ta yi baƙi. Baƙin bahaya ba illa ba ne, aikin ƙwayar ne, tashin zuciyar kuwa yakan ragu idan an sha bayan cin abinci ko gab da kwanciya.

Ga wani abin da masu son shayi ya kamata su sani. Shayi da kofi suna hana jiki tsotsar sinadarin ƙarfe da ke cikin abinci da ƙwayar, don haka a bar tazarar awa ɗaya ko biyu a tsakaninsu. Lemun tsami da gwaiba da ɗanyen tumatir kuwa taimaka wa jiki suke yi ya tsotse shi. Kwaɗon zogale ko na rama da ƙuli-ƙuli, a matsa masa lemun tsami, ko dafaffen wake, ko awara, ko kunun gyaɗa, duk ba su fi ƙarfin aljihun ɗan tebur ba. Nama ko kifi, ko da yanka biyu ne, a sa a kwanonta.

Har yanzu akwai gidajen da ake hana mai ciki cin ƙwai, wasu kuma su ce ta rage ci kada jaririn ya yi girma haihuwa ta yi wuya. Wannan camfi ne mai tsada. Dafaffen ƙwai na cikin abinci mafi amfani gare ta, kuma jaririn da aka haifa bai kai kilo biyu da rabi ba ya fi saurin kamuwa da ciwo. Idan aka ga mai ciki tana kwaɗayin cin ƙasa, sau da yawa alamar ƙarancin jini ce, a kai ta a auna. Magungunan ƙarin jini da na ƙiba da ake talla a faranti cikin kasuwanninmu kuwa, kada ta sha ko ɗaya sai ma'aikacin lafiya ya gani.

Motsa jiki da hutu

A nan matanmu sun kasu biyu. Akwai wadda ke cikin gida, mijinta na da hali, ƴan aiki ke yi mata komai, ta wuni a kan tabarma. Ita tafiya take buƙata. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar minti 150 na motsa jiki matsakaici a mako, wato rabin awa a kwana biyar. Zagaya tsakar gida da sanyin safiya ko bayan la'asar ya wadatar, muddin tana iya magana ba ta haki. Yana rage ciwon baya da taurin ciki, yana kuma kawo barci.

Akwai kuma mai tuyar ƙosai da mai tallar nono, da wadda ke bin motar kasuwa da kaya a kai, ga daka ga jan ruwa. Ita ba ta rasa motsi ba, hutu ta rasa. A sauke mata kaya masu nauyi, ta sami wurin zama a inuwa, ta ɗaga ƙafafunta, ta yawaita shan ruwa, musamman a zafin Afrilu da Mayu. Wadda duk ta ga jini, ko kumburin fuska da hannu, ko ciwon kai mai tsanani da duhun gani, ko zazzaɓi, ko ta ji ɗan ya daina motsi, ba a jiran ranar awo, likita za a nufa nan take.

Rabon maigida

A jihar Damagaram aka fara Makarantar Mazaje da taimakon hukumar UNFPA, inda magidanta ke zama su tattauna lafiyar matansu, domin an gano cewa kuɗin cefane da izinin fita duk a hannun namiji suke. Ɗan kasuwar da ke kwana uku ko huɗu a kan hanya ya fi kowa buƙatar wannan darasi. Kafin ya ɗaura kaya, ya ware tiyar wake da ta gyaɗa, ya bar kuɗin ƙwai da nono, ya ajiye na mota a hannun wanda ya amince da shi, ya kuma tabbatar tana kwana cikin gidan sauro, tun da zazzaɓin cizon sauro na cinye jini.

Mun san magidanci na fara tanadin ragon suna tun ciki na wata biyar. Muna roƙon ƴan'uwa ƴan kasuwa su cire wani abu daga wannan tanadi su zuba a kwanon uwar tun yanzu. Allah ya sauki masu ciki lafiya, amin.