Matasa da Gidan Ajiye Kayan Tarihi na Maiduguri

Gidan ajiye kayan tarihi wuri ne da ake tara abubuwan da kakanninmu suka bari, kamar su makamai da tufafi da tukwane da rubuce-rubuce, don a tsare su daga lalacewa, jama'a kuma su zo su gani su ƙaru. Hukumar Gidaje da Wuraren Tarihi ta Ƙasa, wadda aka kafa da Doka mai lamba 77 ta 1979, ita ke riƙe da irin waɗannan gidaje na Gwamnatin Tarayya, ɗayansu kuwa yana Maiduguri. Mutane da yawa sun ɗauka aikin gidan na ma'aikata ne su kaɗai. Gaskiyar magana, akwai aikin da ba wanda zai iya yinsa kamar samari da 'yan mata na gari.

Abin da Borno ta gada

Ƙasar Borno tana da dogon tarihi. Bayan faɗuwar Birnin Gazargamu a 1808, Shehu Muhammadu El-Kanemi ya kafa Kukawa a 1814. Rabeh ya ci ƙasar a 1893, ya zauna a Dikwa, aka kashe shi a 1900. A 1907 ne Shehun Borno ya komo Yerwa, wato Maiduguri. Kowane zamani ya bar kayansa: sulke da kayan doki, alluna da Alƙur'anai na rubutun hannu, huluna da kayan kiɗa.

To, amma kaya ba sa magana. In ba a san wanda ya ƙera takobi ba, da garin da ya fito, to an ajiye ƙarfe ne kawai. Labarin yana bakin tsofaffi. Tun daga 2009 tashin hankali ya raba dubban iyalai da garuruwansu, da yawa suka taru a Maiduguri, wasu ba su fito da kome ba sai abin da ke cikin kansu. Ambaliyar watan Satumba na 2024, sa'ad da madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, ita ma ta cinye dukiya mai yawa a gidajen jama'a. Duk tsohon da ya rasu ba a ɗauki labarinsa ba, an yi asarar da ba ta da mayarwa.

Aikin da matasa za su yi

Na farko, su zauna da kakanninsu su tambaye su, su ɗauki maganar da wayar hannu bayan sun nemi izini, su rubuta sunan garin da ranar da aka yi hirar, sa'an nan su kai wa ma'aikatan gidan.

Na biyu, su taimaka wajen rubuta bayanin kaya da harsunan da jama'a ke ji, kamar Barbarci da Hausa da Larabcin Shuwa da Babur da Margi, don kada wanda bai yi boko ba ya shiga ya fito bai gane kome ba.

Na uku, a ji shawararsu kan abin da za a nuna. Hular da ake ɗinkawa yau da turaren wutan da ake haɗawa a unguwa, su ne kayan tarihin gobe. Ya kamata malamai su riƙa kai yara gidan, musamman ran 18 ga Mayu, ranar gidajen tarihi ta duniya. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Wanda ya tsinci abin tarihi

A 1987 wani makiyayi yana haƙa rijiya a Dufuna, cikin Jihar Yobe ta yanzu, ya ci karo da wani icce a ƙarƙashin ƙasa, labari ya kai ga hukuma. Masanan Jami'ar Maiduguri da na Jami'ar Frankfurt ta Jamus suka bincika, aka tarar kwalekwale ne mai tsawon fiye da mita 8, wanda ya yi kimanin shekara 8,000. Ba a sami jirgin ruwan da ya girme shi a Afirka ba. Da an faskara shi an yi girki, da ba wanda zai san da shi.

Saboda haka, matashin da ya ga irin wannan abu kada ya tone shi, gama wurin da abu yake kwance shi ke nuna wa masana shekarunsa. Ya sanar da mai unguwa ko dagaci, ko ma'aikatan gidan. A tuna kuma doka ta hana sayar da kayan tarihi ga wanda ba shi da izini, ta hana fitar da su ƙasar waje ba da yardar Hukumar ba.

Ana roƙon iyaye da malamai da sarakuna su ba matasa goyon baya, ma'aikata kuma su buɗe musu ƙofa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.