Kwamfutar da Aka Buɗe Kwalinta: Araha ce Ko Kasada?

Tun daga shekarar 2015 da hukumar JAMB ta mayar da jarrabawar shiga jami'a kacokan bisa kwamfuta, ɗalibin sakandare a Ƙanƙara, Faskari ko Sabuwa ya san cewa sai hannunsa ya saba da wannan na'ura. Malamai ma haka. To amma sabuwar kwamfutar tafi-da-gidanka tsada gare ta, shi ya sa mutane da yawa kan nufi kasuwar Farm Centre a Kano, ko shagunan Funtuwa da Zariya, neman mai rangwame. A can ne za a nuna wa mutum wata na'ura tsaf, a ce masa ai sabuwa ce, kwalinta kawai aka buɗe. 'Yan kasuwa da Turanci suke kiranta, "open box". Shin ya dace a saya?

A ƙasashen da wannan suna ya fito, kamar Amurka da Ingila, ma'anarsa ita ce na'urar da wani ya saya ya mayar wa shago cikin 'yan kwanaki, ko wadda aka ajiye a kanta domin masu saye su gani. Ta bambanta da gyararriya, wadda kamfani ya duba ya sake wa wasu sassa, ta kuma bambanta da ta gwanjo, wadda ta yi shekaru a hannun wani. A kasuwanninmu kuwa, sau da yawa sunayen nan uku sukan cakuɗe, domin tsumma da ɗan man gogewa sun isa su mayar da tsohuwa yarinya. Wannan ita ce kasada ta farko.

Ta biyu kuma masana ilmin halittu sun daɗe da sanin irinta. Duk mai kiwon kaji ya san cewa 'yan tsaki sun fi mutuwa a makon farko. Waɗanda suka tsallake wannan lokaci sukan rayu lafiya, sai tsufa ya zo mace-mace su sake ƙaruwa. Injiniyoyi sun gano cewa na'urorin lantarki ma haka suke: wadda aka ƙera da aibi takan nuna shi da wuri, sannan a sami dogon lokaci na kwanciyar hankali, daga bisani sassa su fara gajiya. Idan aka zana wannan a takarda, sai ya fito da siffar ƙwarya, baki biyu a sama, tsakiya a ƙasa. Saboda haka na'urar da aka mayar wa shago ɗayan biyu ce. Ko dai mai ita ya sake shawara ne kawai, wato ta riga ta fara tsallake makon 'yan tsaki, ko kuwa aibin ne ya bayyana har ya sa aka maido ta. Mafi muni shi ne aibin da ke zuwa yana tafiya, kamar na'urar da ke mutuwa da kanta bayan ta yi awa guda tana aiki. Gwajin minti biyar a gaban mai shago ba zai tona irin wannan ba.

Batiri shi ne sashen da ya fi cancantar a dube shi da kyau, musamman a garuruwan da wutar KEDCO ba ta da tabbas. Batirin lithiyam yana tsufa ta hanya biyu: ta yawan caji, da kuma ta zama kawai. Galibi bayan cikakken caji 300 zuwa 500 ƙarfinsa kan ragu zuwa kimanin kashi 80 cikin 100. Zafi kuma yana gaggauta lalacewarsa. Ɗaliban da suka karanta darasin sinadaran da ke narkar da abinci a jiki za su tuna cewa ƙarin zafi na digiri 10 yakan kusan ninka saurin ayyukan sinadarai da yawa. Wannan ƙa'ida tana aiki a cikin batiri, inda ayyukan da ke cinye shi suke ƙara sauri. Na'urar da ta yi watanni a jone da wuta a kan kanta, cajinta a cike, cikin zafin watan Afrilu, tana iya zama ba ƙwarzane ko ɗaya a jikinta alhali batirinta ya riga ya manyanta.

Abin farin ciki, na'urar ba ta iya ɓoye wannan. A kan Windows, idan aka buɗe tagar ba da umarni aka rubuta powercfg /batteryreport, za ta fitar da rahoto mai nuna ƙarfin da aka ƙera batirin da shi, da ƙarfin da yake iya ɗauka yanzu, a wasu na'urorin har da yawan cajin da aka yi masa. Idan an ce kwali kawai aka buɗe amma rahoton ya nuna caji 200, magana ta ƙare. Haka nan lambar da ke ƙarƙashin na'urar, idan aka shigar da ita a shafin intanet na HP, Dell ko Lenovo, za ta nuna ranar da garanti ya fara da ranar ƙarewarsa. A lura, garantin da aka bayar a wata ƙasa ba lalle ne ya yi aiki a Nijeriya ba. A kuma tabbata babu kalmar sirri ta wani kamfani ko makaranta da ta kulle na'urar tun daga wajen kunnawa. Sannan kamfanin Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba, 2025, don haka na'urar da ba ta iya ɗaukar Windows 11 tsohuwa ce, ko da kwalinta yana ƙyalli.

Saura lissafin kuɗi. A ɗauka, a matsayin misali, sabuwa tana ₦500,000, aka rage kashi 10 cikin 100, wato ₦50,000. Ga mazaunin Kano wanda zai iya komawa shagon da yamma, wannan riba ce. Ga malamin da ke Sabuwa ko Faskari kuwa, komawa tana nufin kuɗin mota zuwa da dawowa, da rasa ranar aiki, da bin hanyoyin da ba kullum ake bin su da kwanciyar hankali ba. Tafiya biyu da sabon batiri ɗaya suna iya cinye rangwamen gaba ɗaya. A ganina, rangwamen da bai kai kashi 20 cikin 100 ba bai isa ya sa mutumin nesa ya bar sabuwa mai cikakken garanti ba.

Idan rangwamen ya kai haka, rahoton batiri ya yi kyau, lambar na'urar kuma ta gaskata maganar mai shago, to babu laifi a saya. Sai dai a bar ta a kunne a shagon na aƙalla awa guda tana nuna bidiyo, a taɓa kowane maɓalli, a gwada kowace kafa ta jona waya, a saurari fankarta. Kafin a miƙa kuɗi kuma, a nemi rasit mai ɗauke da lambar na'urar, da sunan shagon, da adadin kwanakin da aka yarda a maido ta, a rubuce da sa hannu.