Tsakanin Jibiya da Maraɗi: Me Ya Rage Wa Mai Digirin Faransanci?

A watan Maris na 2025 Jamhuriyar Nijar ta ɗauki matakai biyu da suka girgiza masu nazarin harshe. Da farko ta fice daga ƙungiyar ƙasashe masu amfani da Faransanci, ƙungiyar da aka aza harsashinta a birnin Yamai ranar 20 ga Maris 1970, kuma Shugaba Diori Hamani na cikin iyayenta. Kafin watan ya ƙare sai sabon kundin mulkin ƙasar ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, ya sauko da Faransanci zuwa harshen aiki, kafaɗa da kafaɗa da Ingilishi. Duk Bahaushe ya ji daɗin mataki na biyu, ni ma haka. Sai dai tun daga lokacin ɗalibai da iyayensu suke ta maimaita tambaya guda: in har waɗanda Faransa ta raina sun juya wa harshenta baya, me zai sa yaro ɗan Katsina ya ƙarar da ƙuruciyarsa a sashen Faransanci?

Tambayar tana da ƙarfi, amma mai yin ta ya je Magama ta Jibiya ya tsaya wuni guda. Ɗan kasuwar Katsina da takwaransa na Ɗan Isa ko Maraɗi za su yi ciniki su sallama ba tare da tafinta ba, domin harshensu ɗaya, sau da yawa ma kakansu ɗaya. Illa iyaka wannan ya ce makaranta, wancan ya ce lakwal. Wannan ya ce kwastan, wancan ya ce duwan. Malamin boko a can mushe ne. Amma da zarar takarda ta fito, zumuncin harshe ya tsaya. Takardar shigar da kaya, da lasisin direba, da sammacin kotu, da shaidar kammala karatu, duk da Faransanci suke zuwa daga wancan ɓangare. Doka tana iya sauya matsayin harshe cikin dare ɗaya, amma ba ta fassara kundayen da ofisoshi suka tara tun zamanin mulkin mallaka, kuma ba ta sake horar da alƙalai da likitocin da da wannan harshe suka koyi aikinsu.

Wannan hujjar ciki ce, kuma ba ita ta fi damuna ba. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne tarihinmu. Bayan da Katsina ta faɗa hannun masu jihadi a farkon ƙarni na 19, zuriyar tsofaffin sarakunanta sun yi arewa, suka kafa Maraɗi, inda har yau ake kiran mai sarautar garin Sarkin Katsina. Iyakar da ta ratsa tsakanin garuruwan biyu Turawa ne suka shata ta: tawagar Kyaftin Tilho na Faransa da Manjo O'Shee na Ingila ta bi ta tana kafa alamomi daga 1906 zuwa 1908. A cikin tawagar Faransawan akwai wani tafinta mai suna Landeroin, wanda ya zauna da dattawa ya rubuta abin da suka faɗa masa game da sarakunan Katsina da Gobir da Damagaram. Mutanen da ya tattauna da su sun daɗe a ƙasa. Maganarsu Hausa ce, amma da Faransanci ta iso gare mu.

Haka abin ya ci gaba. Guy Nicolas ya shafe shekaru a kwarin Maraɗi, ya fitar da babban littafinsa a kan rayuwar Hausawan wurin da yadda suke kallon duniya a 1975. A wannan shekara Djibo Hamani ya wallafa tarihin Adar kafin zuwan Turawa. Kafin su André Salifou ya rubuta tarihin daular Damagaram a ƙarni na 19, wanda ya fito a 1971. Shi kuwa Emmanuel Grégoire, littafinsa Les Alhazai de Maradi na 1986 bayani ne a kan yadda attajiran Maraɗi suka tara dukiya, kuma kasuwanci da Nijeriya ta wannan hanya ta Jibiya na cikin ƙashin bayan labarin. Sai da ya shekara shida kafin a mayar da shi Ingilishi. Ga kuma takardun mulkin mallaka da ke jibge a Yamai da Dakar da Aix-en-Provence. Ɗalibin tarihi a Katsina ko Zariya da ba ya karanta Faransanci, da ido ɗaya yake kallon ƙasar Hausa, kuma sau tari bai ma san akwai ɗaya idon ba.

Adabi ma bai tsira ba. Sarauniya Mangu ta Lugu, wadda ta tari rundunar Voulet da Chanoine a watan Afrilu 1899, duniya ta san ta ne ta hanyar littafin Sarraounia da Abdoulaye Mamani ya wallafa a 1980, da fim ɗin da Med Hondo ya yi daga littafin, wanda ya lashe babbar kyautar bikin fina-finan Afirka na Wagadugu a 1987. Mamani ɗan gwagwarmayar Sawaba ne da ya sha gudun hijira, kuma da harshen Faransawa ya tona asirin ta'asar da sojojinsu suka yi a ƙasar Hausa. Wanda ya ɗauka cewa karatun Faransanci biyayya ce ga Faransa, ya fara karanta wannan littafi tukuna.

To, ina sassanmu suke a cikin wannan aiki? A nan ne dole mu faɗa wa kanmu gaskiya. Tun 1996 Janar Sani Abacha ya shelanta Faransanci a matsayin harshen hukuma na biyu a Nijeriya, aka shigar da hakan cikin manufar ilimi ta ƙasa, amma makarantun gwamnati da yawa a Arewa ba su taɓa ganin malamin darasin ba. Ɗalibi kan shigo jami'a da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. A shekararsa ta uku a tura shi Ƙauyen Faransanci da ke Badagiri a Jihar Legas, wanda aka kafa a 1991 bayan da tsadar tura ɗalibai ƙasashen waje ta gagari gwamnati. Ba na raina aikin da ake yi a can. Amma abin mamaki ne a ɗauki yaro daga Jibiya a kai shi tafiyar fiye da kilomita 1,000 domin ya ji ana magana da Faransanci, alhali Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo ta Maraɗi ba ta wuce kilomita 60 daga ƙofar gidansu ba. In ya kai ga digiri na biyu da na uku, sai ka tarar an sake ɗora shi a kan Senghor da Camara Laye da Mariama Bâ, marubutan da aka yi wa kundaye har ba a san adadinsu ba. Manyan marubuta ne, babu ja. Sai dai ɗalibin da ya tashi da Hausa a bakinsa yana riƙe da makamin da manazarcin Paris ko na Ibadan ba shi da shi, mu kuwa muna horar da shi kamar bai mallaki komai ba.

Na san akwai cikas, kuma ba ƙanana ba ne. An rufe iyakar Jibiya a watan Agusta 2019, ba a buɗe ta ba sai Afrilu 2022. Aka sake garƙame ta bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 har zuwa Maris 2024. Ga 'yan bindiga da suka addabi ƙauyukan yankin, ta yadda babu shugaban jami'ar da zai sa hannu a tura ɗalibai ba tare da ya yi dogon tunani ba. Aikin koyarwar kansa ba hanyar arziki ba ce: bayan digirin farko da bautar ƙasa, mutum zai ƙara shekaru masu yawa kafin ya zama dakta, ƙarin girma kuma sai da maƙalu, guraben aiki kuwa kaɗan ne. Wanda ke neman kuɗi da gaggawa ya nemi wata sana'ar.

Amma waɗannan matsaloli ba su hana somawa ba. Fassara ba ta buƙatar ƙetare iyaka. Jami'o'in Katsina da Kano da Zariya da Sakkwato suna iya amincewa da fassarar littafi daga Faransanci zuwa Hausa, tare da sharhi da nazari, a matsayin kundin digiri na biyu, a kuma haɗa malamin Faransanci da na Hausa ko na tarihi su duba aikin tare. Suna iya gayyato malamai daga Maraɗi da Damagaram da Tawa su zama masu jarrabawa na waje, ko da ta intanet ne. Ita ma Nijar, in da gaske take a kan ɗaukaka Hausa, za ta buƙaci masu mayar da dokoki da littattafan makaranta daga Faransanci, kuma babu inda aka tara ƙwarewar rubutacciyar Hausa kamar wannan ɓangare namu.

Layin dogon da aka aza harsashinsa a watan Fabrairu 2021, mai tsawon kilomita 284 daga Kano zuwa Maraɗi, ta Jibiya zai wuce. Ranar da jirgin ya fara tafiya za a nemi masu karanta takardun kaya da na yarjejeniya a harsuna uku. Yaran da za su zauna a waɗannan kujeru yanzu haka suna sakandare a Jibiya da Ɓatsari da Kaita, kuma akasarinsu ba su da malamin Faransanci.