Idan Allah Mai Rahama ne, me ya sa bayinsa ke shan wahala? Abubuwan da ya kamata ka sani

Ba kasafai ake furta wannan tambaya a bainar jama'a ba. A zaman makoki a kan ce "ya haƙuri", a amsa "da godiya", a yi addu'a a shafa, kowa ya kama gabansa. Amma uwar da aka fita da gawar ɗanta ɗan shekara uku, ko magidancin da 'yan bindiga suka ƙone masa rumbu suka tafi da iyalinsa, idan dare ya tsala sukan kwana da ita a zuci: ina rahamar take? Da yawa suna jin tsoron cewa wannan tunani kansa saɓo ne, sai su haɗiye shi, ya zame musu ciwo na biyu. Alhali malaman tauhidi, na Musulunci da na Kirista, sun shafe fiye da shekara dubu suna tattauna batun a fili.

Mece ce ainihin matsalar?

Mai imani ya yarda da abubuwa uku game da Ubangijinsa: Mai iko ne a kan komai, Masani ne ga komai, kuma Mai jin ƙai ne. Ga shi kuma da idonsa yana ganin yunwa, cuta da zalunci. Masu jayayya sai su ce: in ya so ya kawar da wahala amma ya kasa, ina ikon? In zai iya amma bai so ba, ina jin ƙan? Ana jingina wannan hujja ga masanin falsafar Girka, Epikuras, wanda aka haifa a shekara ta 341 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). David Hume na Sikotland ya sake tayar da ita a wani littafinsa da ya fito a 1779, bayan mutuwarsa.

Kafin a shiga amsa, malamai kan raba wahala gida biyu. Akwai wadda ɗan Adam ke jawowa da hannunsa: kisa, satar dukiyar jama'a, garkuwa da mutane. Akwai kuma wadda ba a ganin hannun kowa a ciki: girgizar ƙasa, fari, yaron da aka haifa da ciwon zuciya. Ta farko tana da sauƙin bayani, domin an bai wa mutum zaɓi, kuma zaɓin da ba a iya yin sharri da shi ba zaɓi ba ne. Ta biyu ce ta fi ɗaure kai.

Me malaman Musulunci suka ce?

Bakinsu bai zo ɗaya ba. Mu'utazilawa, waɗanda suka taso a Basra tun zamanin Wasil bin Ata, sun ɗora komai a kan adalcin Allah. A ganinsu mutum ne ke samar da ayyukansa, don haka zaluncin duniya na azzalumai ne. Game da raɗaɗin da jarirai da dabbobi ke sha ba tare da laifi ba, malaminsu Alƙali Abdul Jabbar, wanda ya rasu a 1025, ya tafi a kan cewa dole ne a biya su da sakamakon da ya zarce abin da suka sha. Wasunsu ma sun ce wajibi ne Allah ya yi wa kowane bawa abin da ya fi zama alheri gare shi.

A nan ne Imam Abul Hasan al-Ash'ari ya raba gari da su, bayan ya daɗe a cikinsu. Ana ba da labarin cewa ya tambayi malaminsa al-Jubba'i makomar 'yan'uwa uku: ɗaya ya mutu mumini, ɗaya kafiri, ɗaya yana yaro. Malamin ya ce yaron ba zai kai darajar muminin ba, kuma an ɗauki ransa da wuri ne domin an san in ya girma zai ɓata. Sai al-Ash'ari ya ce, to idan kafirin ya tambaya me ya sa shi ma ba a ɗauke shi tun yana yaro ba fa? Malamin ya rasa ta cewa. Mabiyansa, Ash'ariyya, suka tsaya a kan cewa babu mai ɗora wa Allah wajibi, kuma ma'aunin hankalin ɗan Adam ya yi ƙanƙanta ya auna aikinsa. Wannan aƙida ce aka daɗe ana karantarwa a zaurukan ƙasar Hausa, ta hanyar littattafai irin su Ummul Barahin na Shehu Sanusi.

Imam al-Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya ƙara da cewa tsarin halitta a yadda yake ya kai matuƙa wajen hikima, har da abin da muke gani naƙasu ne, maganar da malamai suka yi ƙarnoni suna muhawara a kanta. Ibn Taimiyya da ɗalibinsa Ibnul Ƙayyim kuma suka ce Allah ba ya halittar sharri tsantsa: abin da ya zama sharri ga wani ta wata fuska, akwai hikima a bayansa, ko mun gano ta ko ba mu gano ba.

Alƙur'ani ya ba da misali a Suratul Kahfi. Annabi Musa (AS) ya ga Halliru ya huda jirgin wasu talakawa, ya kasa yin shiru. Daga baya ya ji cewa akwai sarki a gaba da ke ƙwace duk jirgi mai lafiya. Abin lura biyu ne a nan: ilimin mutum gajere ne, kuma ko annabi mai daraja irin ta Musa sai da abin ya girgiza shi.

Kiristoci fa, yaya suke kallon batun?

Agustin, limamin garin Hippo, inda birnin Annaba na Aljeriya yake a yau, wanda ya rasu a shekara ta 430, ya koyar da cewa sharri ba halitta ce mai zaman kanta ba, rashin alheri ne, kuma tushensa shi ne karkatar da zaɓin da aka bai wa mutum. A 1966 John Hick na Ingila ya farfaɗo da wani tsohon ra'ayi da ake dangantawa da Iraniyus, wani malamin Kirista na dā: duniya wurin tarbiyyar rai ce, kuma jarumtaka, tausayi da yafiya ba sa samuwa inda babu haɗari, babu mabuƙaci, babu mai laifi.

Amma abin da ya fi ratsa zuciyar Kirista ba hujjar falsafa ba ce. A aƙidarsu, Allah bai tsaya daga nesa yana kallo ba, ya shiga wahalar ɗan Adam ta wurin Yesu a kan gicciye. Musulmi ba su yarda da wannan ba, kuma nan ne babban bambanci yake. Inda suka haɗu shi ne a kan Annabi Ayuba (AS), bawan kirki da ya rasa dukiya, 'ya'ya da lafiya, da kuma yarda cewa hisabi bai ƙare a wannan duniya ba.

Shin musiba alama ce ta fushin Allah?

Nan ne mutane suka fi tafka kuskure, kuma kuskuren yana da ciwo. Gaskiya ne littattafai masu tsarki sun ambaci al'ummomin da aka halaka saboda laifinsu, kamar mutanen Annabi Nuhu (AS). Amma wahayi ne ya faɗi haka game da su. Babu wanda aka yi wa wahayi a kan maƙwabcinka da shanyewar ɓarin jiki ta kwantar.

Dubi rayuwar Manzon Allah (SAW). Mahaifinsa ya rasu kafin a haife shi, mahaifiyarsa ta rasu yana ɗan shekara 6. Cikin 'ya'yansa 7, guda 6 sun riga shi rasuwa, Nana Faɗima (RA) kaɗai ta rage. Hadisi ya tabbatar da cewa annabawa ne suka fi kowa shan jarrabawa. Ranar da ɗansa Ibrahim ya rasu rana ta yi kusufi, mutane suka ce saboda mutuwar ne, shi kuwa ya kore wannan fassara da bakinsa.

A Littafin Ayuba na Baibul, abokansa uku sun zauna suna nanata masa cewa lallai akwai zunubin da ya ɓoye. A ƙarshen littafin su ne Allah ya tsawata wa. A Linjilar Luka, Yesu ya ambaci mutum 18 da hasumiyar Siluwam ta faɗo wa, ya kore cewa sun fi sauran mutanen Urushalima laifi. Kowa na iya binciken kansa idan musiba ta same shi, wannan tsakaninsa da Ubangijinsa ne. Amma yanke wa wani hukunci shisshigi ne a cikin gaibu.

Me ya faru a Lisbon a 1755?

Da safiyar 1 ga Nuwamba, 1755, ranar bikin tunawa da dukan tsarkaka, majami'u cike da masu ibada, girgizar ƙasa ta afka wa Lisbon, babban birnin Fotugal. Igiyar teku ta biyo baya, sannan gobara ta kwashe kwanaki tana ci. Dubun dubatar mutane suka mutu.

Abin ya kaɗa tunanin Turai. Tun 1710 masanin Jamus Leibniz ya rubuta cewa duniyar nan ita ce mafi kyau cikin duk waɗanda za a iya halitta. Voltaire na Faransa ya yi wa wannan ra'ayi kaca-kaca. Wani mai wa'azi, Gabriel Malagrida, ya ce azaba ce saboda zunubin mutanen birnin. Amma a 1756 Rousseau ya rubuta wa Voltaire wasiƙa yana tuna masa cewa mutane ne suka cunkusa kansu a dogayen benaye, kuma da ba haka ba da ɓarnar ba ta kai haka ba. Ministan da ya riƙe ragamar ƙasar, wanda aka fi sani da Pombal, ya sa aka kawar da gawarwaki, aka ciyar da waɗanda suka tsira, aka sake gina birnin da gidaje masu ƙashin katako da ke jure girgiza.

Darasin shi ne: ko a musibar da ake cewa daga Allah take, idan aka tona sau da yawa akwai kason ɗan Adam. Bayan girgizar 6 ga Fabrairu, 2023, wadda ta kashe sama da mutum 50,000 a Turkiyya da Siriya, hukumomin Turkiyya sun kama 'yan kwangila da dama bisa zargin ha'inci a gine-gine.

Ina iyakar ƙaddara, ina sakaci ya fara?

Sahabbai sun warware wannan tun a annobar Amwas, wajen shekara ta 18 bayan hijira. Halifa Umar (RA) yana kan hanyar Sham, a wani wuri da ake kira Sarg, ya ji labarin annobar. Bayan shawara ya yanke a koma Madina. Abu Ubaida (RA) ya tambaye shi ko gudun ƙaddara yake yi. Umar ya nuna masa cewa komawar ma ƙaddara ce, kamar makiyayin da ya zaɓi gefen kwari mai ciyawa ya bar ƙeƙasasshe. Abdurrahman bin Auf (RA) ya zo ya tabbatar da hadisin da ya hana shiga garin da annoba ta ɓulla ko fita daga cikinsa. Abu Ubaida da Mu'azu bin Jabal (RA) duk a wannan annoba suka rasu, kuma babu wanda ya ce fushi aka yi da su.

A 2010 gubar dalma ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum a Zamfara, saboda ana niƙa duwatsun zinariya a cikin gidaje inda yara ke rarrafe. Da aka gano sanadin, aka kwashe gurɓatacciyar ƙasa, likitocin ƙungiyar agaji ta MSF suka ba da magani, mace-macen suka ragu ƙwarai. Ga iyayen waɗannan yara, ambaton ƙaddara sanyin zuciya ne. Amma a bakin jami'in da ya ci kuɗin magani, ko mai kwale-kwalen da ya yi lodi fiye da ƙima, kalmar ta zama mafakar mai laifi. Hausawa sun ce Allah ya ce tashi in taimake ka.

Shin waɗannan amsoshi sun rufe bakin tambayar?

Ba su rufe ba, kuma babu amfanin a yi wa kai ƙarya. Sun nuna cewa imani da Allah Mai rahama bai ci karo da samuwar wahala ba a hankalce. Amma ba su faɗa mana dalilin da ya sa wannan yaron ya mutu wancan ya rayu ba. A nan mai imani yana dogara ne ga wanda ya sani, ba ga bayanin da ke hannunsa ba. Wannan dogaro kuma bai hana kuka ba. Annabi Yaƙubu (AS) ya yi baƙin cikin rabuwa da Yusufu har idanunsa suka yi fari. Manzon Allah (SAW) ya zubar da hawaye a kan Ibrahim, ya bayyana cewa hawayen rahama ne. Ayuba ya kai kukansa ga Ubangijinsa, kuma duk da haka da haƙuri aka yabe shi.

Me ya kamata ka yi wa wanda ke cikin musiba?

Kada ka kai masa falsafa ranar da gawa ke kwance a gidansa, kada kuma ka nemo masa laifin da ya jawo. Ka je, ka zauna, ka saurara. In ya furta tambayar da ta tsorata ka, kada ka yi saurin kafirta shi, raɗaɗi ne ke magana. Ka duba ko an ɗora tukunya a gidan, ko akwai kuɗin asibiti, ko marayun za su koma makaranta. In akwai wanda sakacinsa ya jawo abin, ka tsaya a bi haƙƙi, domin kada gobe ya faɗa wa wani.

Wani hadisi a Sahihu Muslim ya nuna cewa ranar alƙiyama Allah zai tuhumi bawa a kan mara lafiyar da bai gaishe ba da mayunwacin da bai ciyar ba, kuma babi na 25 na Linjilar Matiyu ya zo da makamancin haka. Ke nan ba za a tambaye ka dalilin da ya sa ɗan'uwanka ya sha wahala ba, za a tambaye ka abin da ka yi masa. Mai karatu, ka tanadi amsar wannan tun yau. Allah ya yaye wa duk wanda ke cikin ƙunci, ya sa mu zama sanadin sauƙinsa.