Horar da Ma'aikatan Sayen Kayan Agaji da Jigilarsu

A cikin watan Satumba na shekarar 1912 babu wanda zai yi mamaki idan ruwa ya tsare fatake a bakin Kwara. Amma bayan shekara ɗari, watau a 2012, sai ga kogin Kwara da na Binuwai sun cika sun batse, ruwa ya hau kan babbar hanyar mota wadda ta haɗa Lakwaja da Abuja, manyan motoci suka yi kwanaki a tsaye. Hukumar Ba da Agajin Gaggawa ta Ƙasa, wadda aka fi sani da NEMA, ta ba da lissafin mutum 363 da suka rasu, fiye da miliyan 2 kuma suka bar gidajensu. A shekarar 2022 ruwa ya sāke yanke hanyar nan ta wajen Koton Karfe, har tankokin mai suka kasa isa Abuja. A irin wannan hali mai yiwuwa ne a sami hatsi a sito, da kuɗi a baitulmali, amma mai jin yunwa ya kwana bai ci ba, domin ba a san yadda za a kai masa ba. Wannan ne dalilin da ya sa a ke horar da ma'aikata musamman a kan sayen kayan agaji, da ajiye su, da jigilarsu.

Tun a 1976, bayan babban farin da ya auka wa Arewa a 1972 zuwa 1974, Gwamnatin Tarayya ta kafa hukumar rarraba kayan taimako. A 1999 aka maye gurbinta da NEMA, aka kuma ɗora mata nauyin yin shiri tun kafin masifa ta auku. Jihohi su ma suna da nasu hukumomin.

Lissafi kafin saye

Abu na farko da a ke koya wa ma'aikaci shi ne ƙidaya. Ƙa'idar da ƙungiyoyin agaji na duniya su ke bi ita ce, kowane mutum yana bukatar aƙalla lita 15 ta ruwa a yini, domin sha da dahuwa da tsabta. Saboda haka sansani mai mutum 10,000 zai ci lita 150,000 kowace rana. Tankar da ke ɗaukar lita 10,000 sai ta yi sawu 15 kafin ta cika wannan. Idan kuwa aka yanka wa kowa giram 400 na hatsi, to, a yini ɗaya za a ci tan 4, watau buhu 80 masu nauyin kilo 50. Tirela guda mai buhu 600 ba za ta wuce mako ɗaya da ɗan doriya ba. Ma'aikacin da bai iya wannan lissafi ba, ko dai ya sayo abin da bai isa ba, ko kuwa ya jibge kayan da za su ruɓe, alhali kuwa gidan sauro da sabulu da maganin tsabtace ruwa, waɗanda rashinsu ke jawo zazzaɓi da kwalara, an manta da su.

Saye cikin gaggawa

Dokar Sayen Kayan Gwamnati ta 2007 ta shar'anta cewa a riƙa tallata kwangila a fili, 'yan kwangila su yi takara, a bai wa wanda ya cancanta. Wannan hanya tana cin makonni. Domin haka ne dokar ta yarda, idan masifa ta auku, a ba da kwangila kai tsaye ba tare da jiran talla ba. Amma fa ba ta yafe wa kowa rubutu ba. Da zarar hali ya lafa, wajibi ne ofishin da ya yi sayayya ya aika cikakken rahoto ga Hukumar Kula da Sayen Kayan Gwamnati, ita kuma ta bincika.

A nan ne aka fi samun ɓaraka, domin gaggawa ƙofa ce mai faɗi ga mai son zuciya. Saboda haka a ke koya wa ma'aikaci ya tanadi sunayen dillalai amintattu da farashinsu tun da rani, ya nemi farashi daga fiye da mutum ɗaya ko da ta wayar tarho ce, ya kuma rubuta irin kayan da ya ke so filla-filla: nauyin buhu, bushewar hatsi, faɗin bargo, da ranar da magani zai daina aiki. Har wa yau, wanda ya ba da oda ba shi ne zai karɓi kaya ba, wanda ya karɓa kuma ba shi ne zai biya kuɗi ba. Akwai kuma wata dabara da ba kowa ke tunawa da ita ba: sayen hatsi mai yawa a kasuwar da ke daf da wurin da abin ya faru yana iya tayar da farashi, har waɗanda ruwa bai taɓa ba su ma su koma masu neman taimako.

Sito da hanya

Mai kula da sito yana koyon jera buhuna a kan katako, nesa da bango, don iska ta ratsa, kada danshi da ɓera da gara su yi ɓarna. Kayan da suka riga shigowa, ko waɗanda lokacinsu ya fi kusa da ƙarewa, su ne a ke fara fitarwa. Kowace mota tana tashi da takardar kaya mai nuna adadi, wanda ya karɓa a can kuma ya ƙirga ya sa hannu.

Mai kula da jigila kuwa, aikinsa sanin ƙasa ne. Kowace shekara Hukumar Hasashen Yanayi da hukumar da ke auna ruwan koguna suna fitar da bayanin inda a ke tsoron ambaliya, ana kuma sa ido a kan sakin ruwa daga madatsar Lagdo da ke kan Binuwai a Kamaru. Da wannan bayani ne ya ke kai kaya tsallaken gada tun kafin ruwa ya zo, ya san wace hanya ce ta biyu idan ta farko ta yanke, da inda zai sami kwale-kwale. Sa'ad da madatsar Alau ta ɓalle ranar 10 ga Satumba 2024, ruwa ya mamaye unguwanni da yawa na Maiduguri, sai da jiragen ruwa aka isa ga jama'a. A wasu garuruwan Borno kuma, inda rashin tsaro ya hana bin hanya, jirage masu saukar ungulu na Majalisar Ɗinkin Duniya suka riƙa kai ma'aikata da magunguna.

Ba a cikin aji kaɗai a ke wannan horo ba. Akan shirya gwaji, a ce gari kaza ruwa ya ci shi da tsakar dare, gada kaza ta karye, sa'an nan a ba ma'aikata 'yan sa'o'i su fito da lissafi, da oda, da motoci, da hanya. Hakimai da dagatai da shugabannin mata su ma ana jawo su ciki, domin su ne suka san gida nawa ne a unguwa, da tsohuwar da ba ta iya zuwa layi.