Kowa Na Jan Rigar Martin Luther King

Ranar 29 ga Yunin 2023, Kotun Ƙolin Amurka ta hana jami'o'i duba launin fatar ɗalibi wajen ba shi gurbin karatu, a shari'ar da ta shafi Harvard da Jami'ar North Carolina. Da masu murna da masu takaici, duk sunan mutum ɗaya suka riƙa ambata: Martin Luther King, malamin cocin da ya jagoranci gwagwarmayar 'yancin baƙaƙen fata.

Masu ra'ayin riƙau sun rataya hujjarsu a kan jawabinsa na birnin Washington a 1963, inda ya yi fatan zuwan ranar da za a auna 'ya'yansa da halinsu maimakon fatarsu. A wurinsu, fifita baƙar fata wajen ɗaukar aiki ko ɗalibai shi ma wariya ne. Da wannan magana aka yi yaƙin neman ƙuri'a a Kalifoniya a 1996, har jihar ta soke tsarin a ma'aikatu da jami'o'inta.

Amma King bai tsaya a jimla ɗaya ba. A littafinsa Why We Can't Wait na 1964, ya ce al'ummar da aka danne shekaru ɗaruruwa ta cancanci a yi mata wani abu na musamman, ya kuma nemi shirin tallafi da zai haɗa har da talakawan fararen fata. Ƙungiyarsa ta riƙa ƙaurace wa kamfanonin da ke cin kuɗin baƙaƙe amma ba sa ɗaukar su aiki. Ko a Memphis, inda aka harbe shi ranar 4 ga Afrilun 1968, yajin aikin masu kwashe shara ya je mara wa baya. Duk wanda ya ɗauki jimlar 1963 ya bar waɗannan, bai yi wa mutumin adalci ba, kuma 'yarsa Bernice ta sha faɗin haka.

Yabon da ake yi wa King ma sabo ne. A ƙuri'ar jin ra'ayi ta Gallup a 1966, mafi yawan Amurkawa ba sa ganinsa da kyau. Sai a 1983 Shugaba Reagan ya sa hannu a dokar ware masa ranar hutu, bayan Sanata Jesse Helms ya yi ta adawa da ita. Jihohin Alabama da Mississippi kuwa sun haɗa ranar da bikin tunawa da Robert E. Lee, kwamandan sojojin Kudu da suka yi yaƙin kare bauta.