Yadda Ake Zana Hoton Daji da Ruwan Asid

Akwai wata tsohuwar sana'a ta masu zane a ƙasashen Turai wadda ke fitar da hotunan duwatsu da koguna da itatuwa ba tare da fenti ba. Kayan aikinta su ne fallen jan ƙarfe, da kaki, da allura, da kuma ruwan asid.

Asalin sana'ar daga maƙeran sulke ne na ƙasar Jamus, waɗanda kan yi wa kayan yaƙi ado da asid. Wajen shekarar 1500 wani maƙeri na birnin Augsburg mai suna Daniel Hopfer ya fara buga irin wannan zane a takarda. Bayan kamar shekara ashirin, Albrecht Altdorfer ya fitar da hotunan daji zalla, babu mutum a ciki.

Ga yadda ake yi. Mai zane zai shafe fallen da kaki, sa'an nan ya zana hotonsa da allura, yana kankare kakin. Daga nan sai ya tsoma fallen cikin asid, wanda zai ci wuraren da allura ta buɗe, ya bar sauran. Idan an wanke kakin, sai a cusa tawada cikin ramukan, a goge saman, a ɗora takarda mai danshi, a matse da inji. Hoton yakan fito a juye, dama ta koma hagu.

Gwanintar tana wajen auna lokaci. Dutsen da ke nesa dishi-dishi ido ke ganinsa, saboda haka layukansa ba su daɗewa cikin asid. Da sun ɗan ciwu sai a rufe su da wani shafi, a mayar da fallen domin itatuwan kusa su yi zurfi su yi baƙi. In aka yi sakaci asid ya zarce, aikin makonni na iya lalacewa.

Rembrandt na ƙasar Holan ya shahara a wannan fanni. Hotonsa na 1643 mai suna "Itatuwa Uku" ya nuna itatuwa a kan tudu, hadari ya haɗo, fili kuma ya miƙe har inda ido ya tsaya.

Falle guda kan ba da kwafi masu yawa kafin layukansa su suɗe. Ta haka ne hoton daji ya shiga gidan mai ƙaramin ƙarfi, wanda ba zai iya sayen zanen fenti ba.